Hular Baba a Kan Gadar Humen

Gaf-gaf. Ƙarar da mota ke yi ke nan idan ta taka haƙoran ƙarfen da ke bakin babbar gada, tayoyin gaba su yi tasu, na baya su amsa. Har yau idan na ji irinta, ko da a kan gadar sama ce a cikin Kano, sai yawu ya taru a bakina, kunnuwana su ɗauki zafi, in ji kamar in ja mayafi in rufe fuska. Ranaku da yawa na farin ciki sun ɓace mini, amma na san ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zai kwashe ranar da na haye gadar Humen tare da surukina ba.

A shekarar da China ta karɓi wasannin Olamfik ne. Aurena bai cika shekara ba, muna zaune da maigidana a wani ɗan gidan haya a Dengfeng, unguwar shagunan waya da gidajen abincin 'yan Afirka a birnin Guangzhou. Shi yana saya wa 'yan kasuwar Kano kaya yana loda musu a kwantena, ni kuma ina karatun Sinanci a wata jami'a, saura shekara guda in gama. Da wasannin suka matso sai hukuma ta tsaurara. Biza ta yi wuya, ana tare baƙi a hanya ana tambayar fasfo, wanda tasa ta ƙare kuma a ce ya koma ƙasarsa ya nemo sabuwa. Haka maigidana ya tafi gida da niyyar ya juyo nan da nan, sai ga shi yana ta zarya tsakanin Kano da Abuja, ba ranar dawowa. Ni takardar ɗaliba gare ni, ba wanda ya taɓa ni.

Ana cikin haka mahaifinsa ya iso. Dattijon ɗan kasuwar yadi ne a Kwari, wata masaƙa ce ta aika masa da gayyata, shi ya sa ya samu shigowa a lokacin da ake mayar da wasu. Uba a China, ɗa a Najeriya. Mutane sun yi ta dariyar abin, ni kuwa ban yi ba, domin maigidana ya riga ya faɗa mini ta waya cewa ba yadi kaɗai ya kawo Baba ba. A gida ana ta magana, yaya za a bar yarinya ita kaɗai a ƙasar da ko kiran salla ba a ji? Baba ya ce zai gani da idonsa. In ya ga zaman bai yi ba, zai taho da ni, karatu ya jira. Ina da yayye biyu da aka ce wa karatunsu ya jira. Har yau yana jira.

Akwai kuma abin da Baba bai sani ba. Ina da ciki, ƙarami, na fari. Ko mahaifiyata ban iya buɗe baki na faɗa mata ba. Maigidana ma a saƙon waya na rubuta masa, ina turawa na kashe wayar. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san cikin fari ba abin faɗa ba ne, sai dai a gani a kau da kai. Balle ga suruki, mutumin da tun da aka kai ni gidansa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa kai loma baki a gabansa ba, gaisuwa ce daga bakin ƙofa a durƙushe in tashi in gudu. Ga kunya, ga kuma tsoro, don na san idan ya sani an gama magana. Babu dattijon da zai bar cikin fari a wata uwa duniya, ba miji, ba uwa a kusa.

Tafintan da suka saba ɗauka shi ma biza ta kore shi, don haka aka rasa mai fassara sai ni. Na same shi da safe a harabar otal ɗinsa a Sanyuanli, cikin farar babbar riga da hula kube mai ruwan zuma, aikin hannu, irin wadda ake wata da watanni ana ɗinkawa. Na durƙusa a kan tayil, ma'aikatan otal suna kallona kamar na yar da ɗan kunne ina nema.

"Baba, ina kwana. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, Malama. Tashi, tashi, kada mutanen nan su ɗauka laifi kika yi. Yaron nan ya ce kin iya yarensu kamar a nan aka yanke miki cibiya."

Maigidana ɗan farinsa ne, bai taɓa kiran sunansa ba. "Yaron nan" ne har ya fara furfura. Ni kuma Malama, saboda boko.

Ya ce da safe za mu je wata masaƙa a Panyu, daga can mu haye kogi zuwa Humen, garin kasuwannin tufafi. Da na ji sunan Humen sai zuciyata ta yi tsalle, na manta da tsoro na ɗan lokaci. A ajinmu an taɓa ba mu wani darasin karatu a kan gadar garin, har da hotonta da hazo ya rufe ƙafafunta, kamar daga sama aka zuro ta. Tun daga ranar na kamu da son ta. Nakan je ɗakin karatu in nemo littattafan da ba na fanninmu ba, in zauna da ƙamus ina tsintar kalmomi, don kawai in gane yadda titi guda zai tsaya a iska ba ginshiƙi a ƙarƙashinsa. Har 'yan baitoci na yi mata, alhali ban taɓa taka ta ba. Nakan ga kaina ina haye ta da yamma, rana na faɗuwa, maigidana a gefe. Ban taɓa tunanin yadda zan haye ta a gaskiya ba.

Direban da muka ɗauka wani mai ƙiba ne mai fara'a, ya manyanta, bakinsa ba ya hutawa. Shifu ake ce wa direbobi a can, ni ma haka na riƙa kiransa. Baba ya zauna gaba, ni a baya da samfurin yadudduka a gefena. Motar tana warin taba da wani turaren mota mai zaƙi-zaƙi.

A nan na yi kuskuren da sai 'yar Hausa za ta yi shi. A kwanakin nan na gano cewa in dai cikina ba komai, tashin zuciya ba ya barina, sai na riƙa ɗan cin wani abu a kai a kai. Akwai biskit a jakata. Amma yaya zan buɗe leda tana ƙara, in riƙa tauna a bayan surukina? A masaƙar Panyu mai wurin ya cika tebur da shayi da wani ɗan itace mai jan ɓawo da ake yayinsa a lokacin, yana ta turo mini faranti. Baba da kansa ya ce, "Malama, ki ci mana." Na ce na ƙoshi. Shayi kawai na kurɓa, shi ma sai da na juya baya. Ga warin rini, ga ƙarar injuna, ga zafin garin mai danshi da yake manne wa mutum kamar jiƙaƙƙen zane. Duk da haka na yi aikina. Na fassara ciniki, na fassara musu, har na ga Baba ya gyaɗa kai sau ɗaya ko biyu. Na ce a raina, in na kai yamma a haka, na tsira.

Rana ta take muka kama hanyar kogi. Can sai ga hasumiyoyin gadar sun fito daga cikin hazo, dogaye, farare-farare, kowace kamar ƙofar garin da ba a gina ba tukuna. Igiyoyi biyu manya sun taso daga ƙasa, sun hau kan hasumiya, sun sauko a hankali kamar sarƙa a wuyan mace, sun sake hawa ta can. Ta fi hoton kyau. Gaf-gaf, muka hau.

Ba mu kai tsakiya sosai ba motoci suka tsaya cak. Shifu ya ja tsaki ya ce kullum haka take, ta yi wa motocin yankin kaɗan. Muna layin tsakiya, tirela a dama, doguwar bas a hagu cike da mutane da 'yan tutoci, duk sun manna fuska a gilashi suna kallon baƙaƙen baƙi da dattijo mai babbar riga.

Mota na tafiya ba a jin komai. Sai da muka tsaya na ji ta. Gadar tana numfashi. Duk sanda manyan motoci suka wuce ta ɗaya hannun, sai ƙasan motarmu ya ɗan nutse, ya ɗan taso, a hankali, kamar ƙirjin mai barci. A littafi abin ya burge ni. A cikina kuwa sai ya zama wani abu daban.

Na haɗiye yawu, ya dawo. Na karanta duk addu'ar da na sani. Na danna maɓallin gilashi, ashe shifu ya kulle saboda sanyin mota. Na laluba jakata, babu ledar zuba kaya, don a farkon watan nan ne aka hana shaguna bayar da ita kyauta, kuma fasfo ɗina da takardun makaranta ne a ciki, waɗanda a lokacin ba a fita sai da su. A gefena yadudduka ne na Baba. Fita daga mota a kan gadar kuwa laifi ne babba, balle a irin wannan shekarar. Da na yi magana tun da wuri, da an san abin yi. Amma me zan ce? Da wane baki? Na toshe bakina da mayafi, wani sauti ya kuɓuce mini.

Baba bai waiwayo ba. Hannunsa kawai na ga ya tashi, ya cire hular nan daga kansa, ya miƙo ta baya ta saman kafaɗa, bakinta a sama kamar ƙwarya.

"Karɓi."

"Baba..."

"Karɓi, Malama. Zare ne da allura."

Ban da zaɓi. Ba zan bayyana abin da ya biyo baya ba. Shayi ne kawai da ɗaci, amma ni ji na yi kamar duk mutuncin da iyayena suka kai ni gidan miji da shi ne yake fita. Da na ɗago, hawaye a idona, abin da na fara gani shi ne kan surukina a buɗe. Sanƙo ne, da furfura ta kewaye shi, ga layin da hula ta yi shekaru tana zama a kai. Ina jin ko 'ya'yansa mata ba su cika ganin wannan kan ba. Gumi na tsattsafowa a kansa duk da sanyin motar, hannunsa ɗaya ya damƙe mariƙin da ke saman ƙofa, ɗayan yana jan carbi da sauri. Na ce shi ke nan, ransa ya ɓaci. Na naɗe hular a gefen mayafina, na so gadar ta buɗe in faɗa kogin.

Sai shifu ya leƙo ni ta madubi, ya yi murmushi har kunne.

"Wata nawa?" ya ce da Sinanci. "Kada ki ji kunya, matata haka ta yi da ɗanmu. Ki gaya wa tsoho ina taya shi murna, ya kusa zama kaka!"

Baba ya ce, "Me yake cewa?"

A duk faɗin gadar nan, mutum ɗaya ne yake jin Hausa da Sinanci, kuma ni ce. Ba zan iya cewa ban ji ba, don a kan haka aka ɗauko ni. Ba zan iya faɗa ba, ko da wuƙa a wuyana. Na duba waje, idona ya sauka a kan igiyar nan.

"Ya ce... gadar ce, Baba. Ya ce mutane da yawa suna jin jiri a kanta, don da gangan aka yi ta tana motsi."

"Da gangan? Ikon Allah. To me ya riƙe ta?"

Shifu ya buɗe aljihun mota ya zaro wani ƙunshin busassun 'ya'yan itace masu tsami da gishiri, ya miƙo mini yana bayanin cewa su ne maganin masu ciki, in riƙa tsotsa tun kafin in tashi daga gado.

"Ya ce rataye take, Baba. Kamar igiyar shanya. Waɗancan manyan igiyoyin biyu su ne igiyar, ƙananan da suka sauko daga jikinsu su suka riƙe titin da muke kai."

"To ita igiyar shanya ai da ƙusa ake ɗaure ta a bango. Ina ƙusar?"

Na ce ba a ganinta. A kowace gaɓa an binne wani ƙaton dunƙulen siminti da ƙarfe, ya fi gidan bene girma, a cikinsa aka cusa bakin igiyoyin. Hasumiyoyin da kowa ke ɗaukar hoto ɗaga igiya kawai suke yi, masu jan nauyin suna can ƙasa ba mai kallonsu.

Shifu ya ga ana hira, daɗi ya kama shi. Ya saki sitiyari, ya zana ƙaton ciki a iska da hannu biyu tun daga ƙirjinsa har cinya, yana cewa in ya tsaya tsini namiji ne, in ya baje mace. Na saci kallon Baba, na ga fuskarsa tana wajen taga. Na gode wa Allah.

"Yanzu kuma me ya ce?"

"Ya ce tsakiyarta a tashe take, Baba. Kamar tudu. Don manyan jiragen ruwa su samu wucewa ta ƙasa."

"Haka ne," in ji Baba. "Na ga alama."

Daga nan bai sake barin shifu ya samu fili ba. Tambaya yake jefo mini, kafin in gama ya jefo wata. Igiyar nan ƙarfe ɗaya ce aka zuba? Na ce a'a, siraran wayoyi ne dubbai, kowace ba ta kai kaurin fensir ba, aka jera su aka matse aka naɗe. Ya ce, "Ashe masaƙa ne suka yi ta, 'yan'uwanmu ne." Ya tambayi tsawonta, na ce tsakanin hasumiya da hasumiya mita ɗari takwas da tamanin da takwas, kuma mutanen ƙasar suna son takwas, suna ganin lambar arziki ce, shi ya sa ma ranar takwas ga watan takwas za su buɗe wasanninsu. Ya tambayi ƙarar da muka ji da za mu hau, na ce haƙoran ƙarfe ne da aka bar wa gadar sarari, don tana miƙewa da zafi tana tsukewa da sanyi, in aka ɗaure ta tamau sai ta tsage. Ya ce iska fa, ga teku kusa? Na ce an fiƙe gefen titin kamar fiffiken jirgin sama, iska ta zo ta zame ta wuce.

Na nuna masa can ƙasa a bakin gaɓa, inda tsohuwar ganuwa take da manyan bindigogi na dā. Na ce a nan ne mutanen ƙasar suka lalata tulin kayan mayen da Turawan Ingila ke shigo musu da shi, abin da ya jawo yaƙi. A wannan mashigar suka ja sarƙoƙin ƙarfe a kan ruwa don su tare jiragen yaƙi, amma jiragen suka wuce. Gadar kuma an buɗe ta ne a shekarar da Ingila ta mayar musu da Hong Kong. Kafin ita sai dai a jira jirgin fito.

Baba ya leƙa ƙasa, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Dā sun ja ƙarfe don kada a wuce, yanzu sun ja don a wuce."

Ban san lokacin da na jefa ɗan tsamin nan a baki ba, a bayan surukina, ina tsotsa ina magana. Ban san lokacin da muryata ta tashi ba, har ina nuni da hannu. Tashin zuciyar ya kwanta. Maganar da na yi da shi a kan gadar nan ta fi duk wadda na yi da shi a sauran rayuwarsa in an haɗa. Sai da motoci suka motsa, muka gangara, na ji gaf-gaf na sauka, sannan na tuna abin da ke naɗe a mayafina. Kunyar ta dawo sabuwa fil.

A Humen ta ƙaru. Dattijo kamar Baba ba ya shiga kasuwa da kai a buɗe, garin kuma duk yawan tufafinsa babu mai sayar da kube. Shifu ya buɗe but ya ɗauko wata jar hular 'yan wasa mai baki, da zobba biyar na Olamfik a goshinta. Baba ya juya ta, ya ce bismillahi, ya ɗora a kan farar babbar riga. Ba mu yi nisa ba muka ci karo da wasu 'yan kasuwar Maraɗi da suka san shi. Babbansu ya riƙe baki.

"Alhaji! Mi ya faru? Ina hullarka? Ko kai ma wasan ka zo? Gudu za ka shiga ko dambe?"

"Tsalle," in ji Baba. "Ku dai ku zo kallo."

Suka bushe da dariya. Ni ina bayansa, kaina a ƙasa, ina jiran abin da zai biyo baya.

"Iskar gadar can ce ta ɗauke ta," ya ce. "Na leƙa in ga ruwa, sai ta tafi."

Mutumin da aka sani a Kwari ba ya ƙarya ko a ciniki, ya yi ta a gabana, saboda ni.

Da za mu koma ya ce in tambayi shifu ko akwai hanyar da ba sai an hau gada ba. Akwai, in aka bi ta wannan gefen kogin da muke. Ya ce a bi ta, "saboda Malama."

Sauran kwanakinsa na yi su kamar mai jiran hukunci. Na wanke hular nan ban san sau nawa ba, na turara ta, na sa ta a jaka ranar da zai tafi. A filin jirgi na durƙusa zan yi masa sallama, ina jiran ya ce in je in haɗa kayana, za a aiko mini da tikiti.

"Malama, na yi magana da yaron nan. Ki zauna ki ƙarasa karatunki. Matar Alhajin Maraɗin nan tana kusa da ku, za ta riƙa leƙo ki, kada ki ɓoye mata komai." Ya gyara jar hular da har ranar ita ce a kansa. "Bayan babbar salla kuma Hajiya za ta zo. Ta ce tana son ta ga gadar nan."

Hajiya, surukata, wadda ko kasuwar Rimi sai an yi da gaske take zuwa. Na ce, "To, Baba. Allah ya ƙara girma." Hannuna yana cikin jaka a kan hular, na kasa fito da ita. Har yau tana wurina.

Maigidana ya dawo bayan an gama wasanni. Hajiya ta zo a lokacin da aka ce, ta yi mini wankan jego a banɗakin gidan haya da ruwan da take dafawa a tukunyar lantarki, ta koma ba ta ko tambayi inda gadar take ba. Mace na haifa. Na gama karatuna. Tsakanina da Baba ba a taɓa tayar da zancen ranar nan ba, sai dai da yarinyar ta fara wayo, in ta je gaishe shi yakan kama hannunta ya ce, "Amarya, ina hulata? Ke fa kika ci mini hula." Ita ta yi ta rantsuwa ba ta gani ba, ni kuwa in nemi ƙofa.

Bayan rasuwarsa, a cikin azumin shekarar da aka kulle gari saboda annoba, wani bidiyo ya yi ta yawo a waya: gadar Humen tana kaɗawa kamar tabarmar da ake kakkaɓewa, har aka rufe ta. Daga baya masana suka ce shingayen da aka jera a gefenta don gyara ne suka tare wa iska hanyar da aka fiƙe mata. Na kai wa Hajiya ta gani. Ta kalla, ta sake kalla, ta ce, "Allah ya jiƙan Alhaji. Wannan ce?"

A ranar ta ba ni labarin da ya ba ta da ya dawo. Ya ga hannun shifu sarai, a gilashin taga ya gani. Tun ma kafin nan ya gane, tun a masaƙa da na ƙi cin komai. Ya ce mata da niyyar tahowa da ni ya je, amma yarinyar da cikinta ke juyawa, kunya na neman kashe ta, aka taɓo zancen karatunta ta manta da kanta haka, in ya raba ta da shi ya zalunce ta.

Na daɗe ina ɗauka ni kaɗai na ɗauki nauyin kunyar ranar nan, ni ce na yi dabara na ɓuya a bayan gada. Ashe gadar ma shi ya miƙo mini ita, kamar yadda ya miƙo hular, bai waiwayo ba. Abin da na koya ke nan: kunya ba ta ƙarami kaɗai ba ce. Ƙarami yana sunkuyar da kai, amma babba ne yake aikin kau da ido, ya san abu ya yi kamar bai sani ba, ya bar maka wurin da za ka ajiye fuskarka. Tun daga nan, in na ga wani a cikin irin halin da na shiga, ba na tambayarsa me ya same shi. Ina neman wani zancen in ba shi ya riƙe.

Na tashi zan tafi Hajiya ta ce in zauna, akwai saura. Ta ce Baba yana saurayi, yana fataucin yadi, kwalekwale ya kife da su a kogin Kwara, ƙaninsa bai fito ba. Tun daga ranar ba ya iya kallon babban ruwa. Ko gadar Wudil za a haye, sai ya rufe ido ya kama carbi, kuma duk gidan an san ba a yi masa magana sai an sauka. A tsawon zamansu, ta ce, sau ɗaya tak ta ji ya haye gada da ido a buɗe.